Hannun da Ya Taɓa Ɗinkin Hafsatu

Godiya ta tabbata ga Allah da ya bar mini 'yata da numfashi. Na sa wannan a gaba don kada wani ya karanta sauran ya ce matar nan butulu ce. Amma akwai abin da ya tokare mini ƙirji wata bakwai ke nan, in ban fitar da shi ba wata uwar za ta je ta tsaya inda na tsaya, ta yi irin shirun da na yi.

Ni mai sayar da abinci ce a bakin tasha a nan Lafiya, sakwara da miyar agushi, da rana kuma tuwon shinkafa. Duk wanda ya san rumfata ya san bakina. Direban da ya tare mini ƙofa da mota, ko kwandastan da ya kai hannu tukunyar nama, ba ya barin wurin da kunnensa lafiya. Rediyo suke ce mini a bayan ido, sun ɗauka ban sani ba. Na faɗi haka ne don ku gane ba bebiya ce ta je jinya ba.

Hafsatu 'yar farina ce. Mu a gidanmu, tun kakanninmu da fatauci ya kawo daga Kano, ba a saki kunyar ɗan fari ba. Shekara ashirin da biyu ban taɓa kiran sunanta ba, daga "ke" sai "yarinyar nan". Yayata Balaraba ce ta yaye ta, ita ta tsaya a kan aurenta, ita ce uwa a idon jama'a. Ni tawa ƙaunar a kwanon abinci nake aika ta. Da haihuwa ta zo, ciwon gwiwa ya hana Yaya Balaraba zaman asibiti, jinya ta faɗo kaina.

Kwana biyu tana naƙuda, aka ce jaririyar ta gicciye, sai tiyata. Ba zan kama sunan asibitin ba, domin abin da na gani ba a can kaɗai ake yin sa ba. Aka ciro mace, lafiyayya, mai ƙarar murya irin ta kakarta. Mijinta Sani, ɗan acaba ne a hanyar Shabu, har sujada ya yi a kan simintin baranda. Likita ya ce aiki ya yi kyau, nan da kwana biyar mu tafi gida.

A bakin ƙofar ɗakin masu jego akwai famfo. In ka murɗa shi sai ya yi tari, iska ta fito, shi ke nan. A samansa an manna takarda mai hotunan hannaye, yadda ake wanke su mataki-mataki, kusa da ita kuma wata robar man goge hannu da aka kafa tun zamanin korona, ta bushe har gizo-gizo ya yi saƙa a bakinta. Ruwa mu masu jinya muke ɗebowa daga burtsatsen da ke bayan gini. A kan teburin nas-nas akwai roba guda da ruwan magani fari a ciki. Mai wucewa ta tsoma 'yan yatsu ta goge a tawul ɗaya da ke rataye jikin kujera tun safe. Ban ga laifin hakan ba, don a rumfata ma roba guda nake ajiye wa masu cin sakwara, kowa ya tsoma.

Babbar nas ɗin safe sunanta Sista Rahila. Ba na son ku tsane ta. Ita ta zauna ta koya wa Hafsatu yadda za ta riƙe jaririya ba tare da ta danne ɗinki ba. "My dota" take kiran ta. Ɗaki cike da gadaje har baranda, su biyu ne kawai, wata rana ma ita kaɗai, ƙafafunta a kumbure cikin silifas.

A gadon da ke dab da namu akwai wata yarinya daga Agyaragu, Ladi. Ta riga mu da kwana goma, ɗinkinta ya buɗe yana fitar da mugunya, da wani wari da ko ka toshe hanci sai ka ji shi a maƙogwaro. Uwarta ce ke jinyar ta. Da Maman Ladi muka saba, tana ba ni gasasshiyar doya, ina ba ta miya.

Rana ta uku da safe aka zo wankin ciwo. A can safar hannu majinyaci ne ke sayowa, tamu ta ƙare, Sani ya tafi sayowa bai dawo ba. Babu labule, don haka aka ce in ɗaga zani in kare Hafsatu daga idon mutane. Ina tsaye hannuwana a sama, ta saman zanin ina kallon Sista Rahila tana matse ciwon Ladi da auduga. Wayarta ta yi ƙara, ta ciro ta daga aljihu da safar a hannunta, ta amsa, ta mayar. Sannan ta turo teburinta mai taya zuwa gadonmu.

"Ina safarku?"

Na ce mijinta ya je sayowa.

"Kar ku damu, Mama, ga ta a hannuna. Ku ajiye taku sai gobe."

Ta tsiyaya ɗan sifirit a kan yatsun safar, ta yarfe, ta ɓare filastar da ke marar Hafsatu, ta danna gefen ɗinkin da yatsa biyu.

Na gani. Wallahi na gani, kuma na san ba daidai ba ne, domin ni ko hannun da na taɓa ɗanyen kifi ba na kai shi cikin sakwara. Bakina ya buɗe. Maman Ladi ta taka mini ƙafa, ta raɗa mini da guntuwar Hausarta: "Ka yi shiru, Mama. In ka yi magana za su bar yarinyan ka, ba wanda zai duba shi. Ni na gani da idona."

Da tsoron nan kaɗai ne, ƙila da Rediyo ta yi aikinta. Amma akwai na biyu. Bakina bai saba tsaya wa yarinyar nan ba. Sai na ji kamar duk matan ɗakin za su juyo su ce ku dubi marar kunya tana rawar jiki a kan 'yar fari. Matan da ko sanin ta fari ce ba su yi ba! Na haɗiye maganata. Da Sista ta gama har godiya na yi mata, na ce Allah ya saka da alheri, ta rage mana sayen safa.

Rana ta biyar aka sallame mu, muka wuce gidana don zaman jego.

Ranar suna zazzaɓi ya fara. Gida cike da mata, ana rabon waina, mai jego kuwa tana lulluɓe cikin bargo haƙoranta suna haɗuwa. Nan kowa ya zama likita. Wannan ta ce ruwan nono ne ke sauka. Yaya Balaraba ta ce sanyi ne ya shige ta, tunda 'yan boko sun hana wankan jego da tafasasshen ruwa, a dama mata kunun kanwa. Wata maƙwabciya ta ce bakin mutane ne, an cika yabon jaririyar, a karɓo rubutu. Sani ya kira mai kemis ya yi mata allurar zazzaɓin sauro. Duk mun yi. Kwana uku muka ɓata a haka, ni kuma ina ta hidimar baƙi, ina aika ƙannenta su tambayo jiki, don kada a ce na tare a ɗakin 'yar fari.

Rana ta huɗu da fara zazzaɓin na shiga kai mata kunu, hancina ya tsayar da ni a bakin ƙofa. Shekara talatin ina girki, miya ba ta fara tsami ban ji ba. Warin gadon Ladi ne a ɗakina. Na dire kofin, na yaye zaninta, filastar ta jiƙe sharkaf, da na ɗaga gefenta sai mugunya ta biyo yatsana. Na fita tsakar gida ina salati, ban san da ɗankwali ko babu ba.

Muka koma a Keke Napep, kanta a kan cinyata, karo na farko tun tana goyo. Layin kati, layin likita, layin gwajin jini, tun hantsi har la'asar tana zube a benci jikinta kamar garwashi. Da aka ba mu gado na waiga inda Ladi take, na ga wata baƙuwar fuska. Na tambayi mai shara. Ta ce, "Wannan na Agyaragu? Ai ya rasu tun Talata." Nan take na zauna a ƙasa.

Mako na uku ba na fatan maƙiyina ya gan shi. Aka warware sauran ɗinkin, aka bar ciwon a buɗe, ana wanke shi safe da yamma tana ihu har muryarta ta dushe. A rubuta magani, Sani ya zaga gari ya samo, bayan kwana biyu a ce ba ya ci, a canja wani. Cikinta ya kumbura ya yi tauri. Nono ya ƙafe, jaririya ta koma gidan Yaya Balaraba ana ba ta madarar gwangwani. Wata rana da azahar ta kalle ni ta ce, "Baiwar Allah, kin ga Iyata?" Na fita bayan gini wajen burtsatse na yi kukan da ban yi ba ranar mutuwar ubanta. Na ce ya Allah, ni na gani na yi shiru, in hukunci ne ka sauke shi a kaina.

Akwai wata likita, yarinya siririya, da na lura tana yawo da 'yar kwalba a aljihu. Kafin ta taɓa kowa sai ta matsa a tafi ta murza, in ta gama ta sake. Na tare ta a baranda na kwashe komai na faɗa mata, da safar, da wayar, da sifirit. Na ce, "Likita, don girman Allah, shi ne?"

Ta ce, "Mama, ba zan rantse miki ba. Ƙwayar cuta tana iya shiga tun a ɗakin tiyata, tana iya shiga a gida. Amma abin da kika gani hanya ce babba. Safa ba wankin hannu ba ce. Kowane majinyaci da tasa, kuma kafin a sa da bayan an cire sai an wanke hannu." Maganarta guda ta zauna mini har yau: infekshan ya shiga jini.

Ta ja ni bakin bokitina ta nuna mini da sabulu. Tafi da tafi, bayan kowane hannu, tsakanin yatsu, babban yatsa a murɗe shi shi kaɗai, farata a goga su cikin tafi, har wuyan hannu. Ba gaggawa. A ɗauraye da ruwan da ake zubowa, ba wanda aka tara a roba ba, a bar shi ya bushe ko a goge da abin da wani bai taɓa ba. Na ce ashe kusan alwala ce. Ta ce, "Ita ce, da sabulu. Kuma kina da ikon ki tambayi kowa, har ni, ko ya wanke."

Faɗi da sauƙi. Ta yaya mai tuwo za ta dubi nas mai farin kaya ta ce je ki wanke hannu? A ina ma za ta wanke, a famfon da ke tari? Ina zaune ina juya abin sai na tuna rumfata. Kowa roba yake tsomawa, amma in babban mutum ya zo, alhaji ko dattijo, buta nake ɗauka in durƙusa in zuba masa da kaina. Ban taɓa ganin wanda ya janye hannu ba.

Washegari na sa Sani ya kawo sabuwar buta, da sabulu, da kwano, da kwalin safa. Da Sista Rahila ta turo teburinta daga gadon gaba, na sha gabanta na durƙusa, ni da na girme ta, na ɗaga buta.

"Sista, ga ruwa."

Fuskarta ta ɗaure. "Mama, me kike nufi? Ni ƙazama ce?"

Na ce, "A'a. A rumfata babban baƙo ake zuba wa ruwa. 'Yata ce... ki taimake ni, Sista, ki cire wannan, ga sabuwa."

Ta dube ni, ta dubi Hafsatu, ta dubi gadon da Ladi ta bari. Sannan ta zare safar ta jefa a kwandon shara, ta miƙo hannuwa. Duk sun tsattsage, gumin safa ya cinye tsakanin yatsunta. Ina zubawa tana wankewa daidai yadda likita ta nuna mini, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Ashe ta iya, ta fi kowa iyawa. Ƙasa-ƙasa ta ce, "Famfon nan mun rubuta mun gaji. In na ce zan je bohol bayan kowane gado, har magariba ban gama ɗakin nan ba. Ni kaɗai ce yau, Mama." Na ce, "To ni ce famfonki." Daga ranar duk gadon da za ta je ina biye da buta.

Ba kowa ya karɓa da daɗi ba. Wata ƙaramar nas ta ja tsaki ta ce ba ni zan koya mata aiki ba, ta tsallake mu sai da ta gama da kowa. Na jira ta da butata har ta dawo. Wani babban likita da ɗalibai ke bi a baya ya taso daga taɓa wata ya nufo mu yana magana da Turanci. Na tare shi. Ya ce, "Madam, matsa." A nan Rediyo ta kama tasha. Ban tuna duk abin da na faɗa ba, amma ya wanke, ɗalibansa ma suka jera. Kafin mako ya ƙare, ƙarƙashin gadaje da yawa akwai buta da sabulu, masu jinya suna kiran juna, "Mama mai buta, zo ka nuna mana na yatsa."

Na so in ce muku butar nan ta ceci 'yata. Ta makara da mako biyu.

A mako na huɗu likitar nan siririya ta kira ni da Sani ofis. Ta ce mahaifar ta ruɓe, ita ke ta zuba guba a jini, magani ba ya isa gare ta. Ko a cire ta yau, ko mu rasa Hafsatu. Sani ya ce, "Ba za ta ƙara haihuwa ba ke nan?" Ta ce ba za ta ƙara ba. Ya kalle ni ya ce, "Iya, me zan yi?" Na ce sa hannu. Ya ɗauki biro ya sa.

Da hantsi aka turo ta zuwa ɗakin tiyata. Ta zama ƙashi da fata, idanu a rufe, leɓe a bushe. Ina biye da gadon har ƙofar da ba a wuce ta. Na ga za a shige da ita, ƙila ke nan, ban taɓa kiran ta ba. Ga Yaya Balaraba da sandarta, ga dangin miji, ga jama'a cike da baranda. Na buɗe murya irin ta tasha na ce, "Hafsatu! Hafsatu, ki dawo mini!" Ta buɗe ido ta neme ni, sannan ƙofa ta rufe.

Har aka yi la'asar muna ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Ban ci ba, ban sha ba, carbi ma na kasa ja. Da likita ta fito ta ce an gama, tana numfashi, na kama hannuwanta ina ta godiya. Jini leda uku aka ƙara mata, abokan Sani 'yan acaba ne suka jera suka bayar, Allah ya biya su. Zazzaɓin ya sauka a hankali. Sista Rahila ce ta riƙa wanke sabon ɗinkin, kullum da sabuwar safa, kullum ni na zuba mata ruwa. Sai bayan mako bakwai da haihuwa muka koma gida.

Ina gode wa likitocin da suka tsaya a kanta. Ina gode wa Sista Rahila, ina kuma jin zafinta, duka biyun suna nan a zuciyata ban iya raba su ba. Na fi jin zafin masu hali da suka bar ɗakin masu jego da takardar wankin hannu a bango da busasshen famfo a ƙarƙashinta. Robar rumfata kuwa na kifar da ita, yanzu buta ce da sabulu ga kowa, har kwandasta.

Ke da za ki je jinya, ki sa buta da sabulu da safa a kayanki kafin ki sa tabarma. Ki kalli hannu, daga ina ya taso. In ciwo ya fara zafi, ko wari, ko zazzaɓi ya zo bayan tiyata, kada ki tsaya sauraron masu kunun kanwa. In kin ga abin da bai yi miki ba, ki yi magana, ko da ladabi ko babu.

Ni ban faɗa wa Hafsatu abin da na gani ba. Na ɗauka sirrina ne ni da Allah da likita. Watan jiya tana zaune a tsakar gidana tana ba 'yarta madara, ina ɓare agushi, ta ciro wasu ƙananan riguna da jaririyar ta fi ƙarfinsu. Ta ninke su a hankali, ta ce in kai wa maƙwabciyarmu mai ciki, tunda ita ba ta da wanda za ta ajiye wa. Na karɓa ban iya ɗaga kai ba.

Sai ta ce, "Iya, ranar nan ta wankin ciwo, da kika riƙe zani."

Na ce, "Na'am."

"Ni ma na ga hannun. Na ga daga inda ya taso. Sai na ɗaga ido na ga fuskarki ta saman zanin, na san kin gani." Ta gyara wa yarinyar kwalbar madara. "Na ce a raina, Iya tana nan, ba wanda ya kai ta baki. Na yi ta jira ki yi magana."

Ba da faɗa ta faɗe shi ba. Ta ci gaba da jijjiga 'yarta, ni kuma ina riƙe da rigunan.